Tukunya Mai Kai Rahoto: Shafi na 11

Masu cika min akwatin saƙo cewa na bar dattijon nan shi kaɗai a saman bene tun ranar Laraba, na ji ku. Mu koma wurinsa.

Ƙarfe tara na safiyar Asabar, Mai Rediyo ya yi abin da ya saba yi kullum wata shida ke nan.

Ya tari ruwa kofi shida a famfo ya juye cikin sabuwar tukunyar lantarkin. Ya rufe murfi, ya ɗora tabarau a kan hanci, ya danna allon gabanta sau uku. Dannawar farko ta kawo jerin abinci, ta biyu ta zaɓi miyar nama, a ta uku tukunyar ta yi ɗan kukanta irin na tsuntsu ta rubuta awa shida.

Bai sa nama ba. Ko gishiri bai barbaɗa ba.

Ya san kafin ya ajiye kofin, saƙo ya riga ya faɗa wayar 'yarsa, can garin da take aikin jinya, tafiyar awa biyar a mota. An ɗora girki. Za ta gani tsakanin wannan gado da wancan, hankalinta ya kwanta, ta mayar da wayar aljihu.

Irin tukunyar nan ce da ake zuba mata komai da safe, ta yi ta dafawa a hankali har yamma ba sai an tsaya a kanta ba. Ba baƙuwa ba ce a gidan. Marigayiya matarsa ta yi shekara goma sha biyar da irinta, wata baƙa mai makunni ɗaya da ake murɗawa: kashe, ƙasa, sama. Iyakar iliminta ke nan. Sabuwar kuwa 'yar boko ce. Tana da allo, tana da agogo, tana da wani tsinken ƙarfe da ake soka wa nama ya faɗi zafin cikinsa, ga shi kuma tana hira da wayar hannu. Ranar da 'yarsa ta kawo ta, ta ce a jefar da tsohuwar tunda makunninta ya ƙone. Ya ce to.

Bai jefar ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana buɗe cikin rediyo, har unguwa ta ci gaba da kiransa da sana'arsa bayan ya rufe shago, ba ya jefar da abin da wayar wuta ɗaya ce kawai ta tsinke a cikinsa.

Ya jawo ta daga ƙarƙashin gado, ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kan teburin cin abinci, ya kife ta, ya kwance notinan ƙasa. Gyaran minti goma ne. Sati uku ke nan yana yin sa. Yau ya goge nan, gobe ya kankare can, jibi ya sake duba abin da ya riga ya duba. Ya san ranar da ya ɗaure noti na ƙarshe, babu sauran abin da zai hana shi jin tafiyar agogon bango.

Kujeru huɗu ne a teburin. Uku an tura su ciki tun tuni, har ƙafafunsu sun bar sawu a ledar ɗaki. A gefen jaridar akwai rabin burodi da kofin shayin da ya huce. Karin kumallon ke nan, shi ne kuma na rana. Da yamma, in gwiwoyinsa sun yarda, ya sauka hawa uku zuwa titi, ya sayi abin da ya samu, ya ci a can a tsaye don kada ya dawo da shi wannan teburin.

Wajen sha ɗaya ya ji motsin mukulli a ƙofa.

Mutum ɗaya ne ke da mukullin gidan ban da shi, wato 'yarsa, kuma ba ta ce za ta zo ba.

Ya miƙe da sauri har gwiwarsa ta bugi tebur. Ya dubi tsohuwar tukunya a kife, ya dubi sabuwa tana sakin tururi a kicin, ya rasa wadda zai fara ɓoyewa. Ƙofar ta buɗe kafin ya zaɓa.

Ta yi sallama ta shigo, jaka a kafaɗa, ledar kayan miya a hannu. Ta rage jiki, ya gani. Ita ma ta ga nasa, domin sai da ta ɗan tsaya kafin ta rusuna ta gaishe shi.

"Uwata, ke ce tafe babu ko sanarwa?"

Ta ce hutun kwana biyu ne ya faɗo mata, ta ce bari ta zo ta ga idonsa. Ya tambayi hanya, ya tambayi aiki, ya tambayi abokiyar ɗakinta da ya manta ta koma wani asibiti tun bara. Ta amsa duka, amma idonta yana kan teburin. Ta ga burodin. Ta ga tukunyar mahaifiyarta a kife cikinta a buɗe.

Sai ta ɗaga wayarta ta yi yaƙe.

"Ko ruwa ban sha a hanya ba, Baba. Na ga ka ɗora miyar nama, na ce yau sai na ci ta hannunka."

Ya ce ai da saura, awa huɗu cur. Ta ce leƙawa kawai za ta yi. Ya ce ita da bakinta ta gargaɗe shi kada a riƙa ɗaga murfi, zafin yana gudu. Har ya ƙara da cewa ta zauna ta huta, zai sauka ya sayo mata abin taɓawa, shi da ba ya sauka sai ya yi shawara da ƙafafunsa.

Ta riga ta isa bakin kicin. Ta tsaya ta ja iska ta hanci. Ta sake ja.

Kicin ɗin da aka ɗora nama awa biyu, ai da tun daga matakala ƙamshi zai tare ta. Babu komai sai warin ƙarfe mai ɗumi.

Ta ɗauki tsumma ta ɗaga murfin.

Ruwa ne, tas, har ana ganin gindin tukunyar, da farin sawun da tafasar kullum ta bari a kewaye.

Ta daɗe tana kallon ruwan. Shi kuma yana tsaye a bayanta da sukuddireba a hannu, kamar wanda aka kama a gidan wani.

Ta ajiye murfin a hankali. Ta buɗe firji. Gorar ruwa biyu, da rabin lemon tsami da ya bushe. Ta buɗe saman, wajen ƙanƙara. Ga ƙullin naman da ta yanka ta raba masa a zuwanta na ƙarshe, kowanne da rubutunta a jiki, Litinin, Talata, Laraba, sun daskare sun manne da juna, ko ɗaya ba a taɓa ba.

"Tun yaushe, Baba?"

"Zo ki zauna tukuna."

"Tun yaushe?"

"Bayan watan farko."

Ta jawo ɗaya daga kujerun nan uku, ƙafafunta suka ɓamɓaro daga leda da wata 'yar ƙara, ta zauna. Shi ma ya zauna. Tsohuwar tukunya na tsakaninsu.

Ya fara da abin da ya fi masa sauƙi, wato laifin tukunya. Ya ce girmanta na gidan mutum shida ne. In ya zuba kaɗan ta ƙi yarda, ta rubuta masa a ƙara. In ya cika ta, ya ci yau, ya ci gobe, jibi ya zubar yana neman gafara. Ya ce rubutun allonta ƙanana ne kamar an yi su don idon ƙuda. Ya ce ya juya ta gaba da baya bai ga kan noti ko ɗaya ba, an liƙe ta kamar ƙwai, ranar da ta lalace sai dai a yi mata addu'a.

Ya bubbuga tsohuwar da bayan sukuddireba.

"Wannan fa, waya biyu ce da makunni. Aikin dai ɗaya ne, Uwata, wuta kaɗan, lokaci mai yawa. Naman da ya dahu a waccan, haka zai dahu a wannan. Sauran duk ado ne."

Ta ce ba ado ba ne. Ta ce sabuwar in ta gama tana rage wutarta da kanta, ba ta ƙona abinci in mutum ya manta. Ta tuna masa ranar da ya bar tsohuwar a kunne kwana da yini, har maƙwabta suka zo suna dukan ƙofa saboda hayaƙi. Ta ce ana iya sa mata lokaci, ana iya kashe ta daga nesa. Ta ce ita tana can, shi yana nan, kuma wannan ce kaɗai hanyar da take sanin lafiyarsa ƙalau, don tana gaya mata.

"To, kin faɗa da kanki," in ji shi. "Tana gaya miki."

Ta ɗago ta dube shi.

Bai so ya faɗa ba. Wata shida yana haɗiye maganar da ruwan shayi. Amma tunda an riga an ɗaga murfi, sai ta fito.

"Da, kullum ƙarfe biyu wayata za ta yi ƙara. Ki ce, Baba ka ci abinci? In ce na ci. Ki ce me ka ci? In shara miki ƙarya, ki kama ni, ki yi ta faɗa, in yi ta dariya. Minti biyu ne, wata rana uku. Tun safe nake shirya ƙaryar da zan yi miki."

Ya cire tabarau ya riƙe.

"Tunda wannan ta shigo, ita kike tambaya. Ita kuma ba ta taɓa ce miki ba ta ci ba."

Ta buɗe baki za ta musa, sai ta ɗauki wayarta ta shiga wajen kira. Ya ga yatsanta yana ta ja ƙasa, yana ta ja. Ta wuce lambobin asibiti, ta wuce na mai gidan haya, ta wuce na masu kawo magani. Da ta iso sunansa ta tsaya. Kwana goma sha biyu rabonta da kiransa.

Ta kife wayar a kan jarida.

Can ta tambaye shi, da muryar da ta dushe, me ya sa bai bar tukunyar a kashe ba kawai. Ai da ta kira.

Ya ce ya gwada, sau ɗaya. Kafin azahar ta kira shi sau tara, da ya ɗauka ya ji tana haki tana kuka a tsakiyar aiki, ya kuma ji wata babba a bayanta tana yi mata tsawa cewa akwai mara lafiya yana jira. Tun ranar ya ce ba zai zama uban da ke sayen muryar 'yarsa da tsoro ba. Gara ya dafa ruwa.

Hawayen suka zubo mata ba tare da sauti ba. Ta share da gefen mayafi, wasu suka biyo.

Ta ce ba mantawa take yi ba. Ta ce duk lokacin da ta kira, bayan ya gama dariya akwai wani shiru da ke biyowa, tana jin agogon bangon nan ta cikin waya, ta san babu kowa a gidan sai shi. In ta ajiye sai ta kasa aiki. Ta koma ɗakinta ita ma ta tarar da irin shirun. Da tukunyar ta zo da 'yar koriyar alamarta a waya, sai ta samu abin da za ta duba ba tare da ta ji komai ba.

"Na san ba daidai ba ne, Baba. Sauƙi na bi."

Ya ce babu komai, alhali akwai. Ya miƙa mata hankicinsa. Suka zauna kowa na kallon wani wuri daban, tukunyar na can tana ta dafa ruwanta da gaskiya da riƙon amana.

Shi ya fara magana. Ya ce ta tafi da sabuwar in za ta koma. Ita ce mai fita tun asuba ta dawo a gajiye, ita irin wannan za ta yi wa amfani, ta zuba kayanta da safe ta kunna daga asibiti. Shi a bar shi da baƙarsa, yau ɗin nan zai ɗaure notin. Ya ce abin da ke ba shi haushi kawai shi ne guminta da ta zuba a kan abin da aikinsa bai wuce na tsohuwar ba.

Ta shiga murza bakin jaridar da yatsu har ya yage.

"Baba, akwai abin da ban gaya maka ba."

"Ina ji."

"Ba ni na saya ba."

Ya dube ta.

"Yaya ne."

Shekara huɗu ke nan ba a ambaci wannan mutumin a gidan ba. Babban ɗansa, wanda ya koya wa riƙe ƙarfen dalma tun tsayinsa bai kai teburin shago ba. Lokacin da mahaifiyarsu ta kwanta ciwonta na ƙarshe, kwana goma sha tara tana tambayarsa, yana cewa gobe, yana cewa jibi. Ya iso ne bayan an dawo daga binne ta. Mai Rediyo ya tare shi a bakin wannan ƙofar, ya ce masa ya makara, ya tura ƙyauren. Tun ranar bai sake jin muryarsa ba, bai kuma tambaya ba.

Ya mayar da tabarau a hankali.

"Wata bakwai kayansa na cikin kicin ɗina."

"Ya roƙe ni kada in faɗa. Ya san da ka ji sunansa ta taga za ka jefo ta."

"Ya san ni."

"Baba, ba shi ke nan ba. Saƙon ba wayata kaɗai yake zuwa ba. Har tasa. Kullum ƙarfe tara yana jira."

Mai Rediyo ya waiwaya ya dubi kicin. Kullum. Duk safiyar da ya tsaya da silifas da tabarau yana danna allo shi kaɗai, ashe akwai wanda ke can yana gani.

Ta ce ita koriyar alamar kawai take dubawa ta wuce. Yaya kuwa shiga ciki yake yi, wajen da tukunyar ke nuna yadda zafi ke hawa. Jiya ya kira ta ya ce akwai matsala. Ya ce kullum lokacin da take ɗauka ta yi zafi ɗaya ne, ba ƙari ba ragi, ko miya aka zaɓa ko wake. Ya ce ba a taɓa ɗaga murfin ba, ba a taɓa soka tsinken ba. Ya ce abinci ba ya yin haka. Ya ce ruwa ne.

"Na ce masa ƙarya ne. Ya ce in zo in duba."

Wani ɓangare na zuciyarsa, wanda bai nemi izininsa ba, ya ce yaron ya iya aiki. Haka ake gane ciwon na'ura, a saurare ta kafin a buɗe ta. Shi ya koya masa. Sai ɗaya ɓangaren ya taso ya danne wannan.

"Uwarsa na kiransa bai ji ba. Tukunya ce yake ji."

"Baba."

"Kwana goma sha tara, Uwata. Ke kika riƙe mata wayar."

"Na sani. Amma ba ka taɓa tambayar abin da ya riƙe shi ba."

"Ba na so in sani."

Ya dafa tebur ya miƙe, ya nufi kicin. Zai zare fulogin ne daga bango, ya naɗe wayar, ya mayar da ita kwalinta ko da kwalin ya yage. Saura taku biyu ya kai, tukunyar ta yi kukanta sau uku. Lambobin allon suka ɓace. Koren haskenta ya mutu. Kalma biyu suka fito: an kashe.

Ya tsaya da hannunsa a miƙe, bai taɓa komai ba.

Ya waiwaya. Wayar 'yarsa na nan a kife a kan jarida inda ta ajiye ta, hannayenta biyu a kan cinyarta.

"Ya ga na ɗaga murfin," ta ce a hankali. "Ya san na gani."

"Daga ina yake gani?"

Ta kau da kai ta dubi taga.

"Tambayarki nake yi. Yana ina?"

"Ba motar haya na hau ba, Baba. Shi ya tuƙo ni. Na ce ya jira a ƙasa har in kira shi."

"Kin kira shi?"

"A'a."

Sai suka ji takun. Daga hawa na biyu yake tahowa, a hankali, yana tsayawa, yana ci gaba. Mai Rediyo ya san takun kowa a benen nan, na mai wanki, na malamar makaranta, na tsohon da ke tari. Wannan ba na ɗayansu ba ne, amma bai buƙaci a gaya masa ba.

Takun ya tsaya a bayan ƙofa. Ba a ƙwanƙwasa ba.

"Baba," in ji wata murya da ta yi kauri fiye da yadda ya san ta. "Ni ne."

Mai Rediyo ya taka har bakin ƙofar, 'yarsa ta miƙe tsaye tana riƙe da bayan kujera. Ya ɗora hannu a kan sakata, shi kansa bai san ko buɗe ƙofar zai yi ko tura sakatar ba.